Gwajin DNA ya ce ɗanka ne, doka ta ce dakata: ina matsayin uban da bai auri uwar ɗansa ba?

Namiji da mace sun haihu ba tare da aure ba. Shi bai yi musu ba, ko kuma ya yi musun, gwajin DNA ya ƙaryata shi. To daga wannan ranar ya zama uba ke nan? Zai iya raɗa wa yaron suna, ya zaɓa masa makaranta, ya hana a fita da shi ƙasar waje? Idan ya mutu yaron zai gaje shi? Idan kuma ya noƙe, akwai mai iya matsa masa ya ciyar?

Tun da gwajin DNA ya yaɗu, ya kuma zama abin cacar baki a kafafen sada zumunta, mutane da yawa sun ɗauka takardar ɗakin gwaji ce ke yanke duk waɗannan tambayoyi. Kusan babu ƙasar da abin yake haka. Kuma maganar ta shafi miliyoyin gidaje. A Amurka kusan kashi 40 cikin 100 na jariran da ake haifa iyayensu ba su da aure. A Ingila da Wales, a 2021 adadin ya haura rabi a karon farko. A Faransa ya wuce kashi 60, yayin da a Japan bai fi kashi 2 da ɗoriya ba. Da yawa daga cikin waɗannan iyaye gida ɗaya suke zaune, ba kuma sa sanin akwai matsala sai ranar da aka rabu ko aka yi mutuwa.

Tambayoyi uku ne ake haɗawa wuri guda

Ta farko, jinin wa ne? Wannan ta ɗakin gwaji ce. Ta biyu, ɗan wa ne a idon doka ko shari'a? Nan ake maganar nasaba: sunan da yaro zai ɗauka, wanda zai gada, da ƙasar da zai zama ɗanta. Ta uku, wa ke da iko da shi, wa kuma ke ɗauke da nauyinsa? Riƙo, ziyara, shawara kan makaranta da magani da tafiya, da kuɗin ciyarwa, duk suna nan.

Mai aure, ranar da matarsa ta haihu ake amsa masa ukun a lokaci guda, bai cike takardar neman komai ba, bai ga alƙali ba. Shi ya sa yawancin mutane ba su taɓa lura cewa uku ne ba. Wanda bai yi aure ba shi ke gano kowace da ƙofarta. Yana iya wuce ta farko ya maƙale a ta biyu. Yana iya wuce biyun, sannan a ɗora masa rabin ta uku, wato biyan kuɗi, a riƙe ɗaya rabin.

Uwa ba ta cika shiga wannan hali ba, don haihuwa ita ce shaidarta. Ko da yake ita ma ba kullum ba. A Beljiyam, kafin hukuncin da Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke a 1979 a ƙarar Paula Marckx, da gyaran dokar da ya biyo baya a 1987, matar da ta haihu ba aure sai ta je ta yi iƙirari a hukumance cewa jaririn da ta haifa nata ne.

Me ya sa aure ya fi jini ƙarfi

Ƙa'idar tsohuwa ce ƙwarai. Dokar Rumawa ta ce uwa kullum sananniya ce, uba kuwa shi ne wanda aure ya nuna. Tsohuwar dokar Ingila ta ɗauki yaron da aka haifa ba aure a matsayin ɗan ba kowa, ba ya gadon kowa. Dalilin a bayyane yake. Shekaru dubbai ba wata hanyar tabbatar da jini, ga jariri yana bukatar wanda zai ɗauki nauyinsa tun daga ranar haihuwa, ga kuma gida yana bukatar kariya daga duk wanda ya ga dama ya zo ya ce ɗan wane nasa ne.

A Musulunci ƙa'idar ta fito ne daga wata shari'a da Bukhari da Muslim suka ruwaito. A shekarar buɗe Makka, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a suka yi jayayya kan wani yaro da baiwar Zam'a ta haifa. Sa'adu ya ce ɗan ɗan'uwansa Utba ne, a dubi kamanninsa. Abdu ya ce ƙanensa ne, a kan shimfiɗar mahaifinsa aka haife shi. Manzon Allah (SAW) ya ba wa Abdu, ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, mazinaci kuwa sai dutse. Amma saboda kamannin da ya gani da Utba, ya umarci matarsa Sauda, wadda 'yar Zam'a ce, ta riƙa sa hijabi a gaban yaron. Wato an ga alamar jini, an yi aiki da ita a wuri ɗaya, ba a bari ta rushe nasaba ba.

Wani zai ce ai wannan kafin kimiyya ne. To ga misali daga 1989. A jihar Kalifoniya wata matar aure ta haifi 'ya mace bayan ta yi hulɗa da maƙwabcinta, wanda takardun kotu suka kira Michael H. Gwajin jini ya nuna yiwuwar shi ne uban ta kai kashi 98.07 cikin 100. Ya zauna da uwar da 'yar na wani lokaci, yarinyar tana kiransa baba. Da matar ta koma wa mijinta, ya nemi a ba shi izinin ziyara. Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 5 da 4, ta bar dokar jihar yadda take: yarinya ta mijin uwarta ce. Don haka abu na farko da za a tambaya a kowace irin wannan rigima shi ne, uwar tana da miji lokacin da ta ɗauki cikin ko ta haihu? Idan tana da shi, tudun da uban jini zai hau ya fi tsayi sosai, a wasu wuraren ma ba hanya.

Abin da gwajin ke iya faɗa

Kafin DNA, rukunin jini ake dubawa, wanda Karl Landsteiner ya gano a 1901. Wannan yana iya cewa wane ba shi ba ne, amma ba ya iya cewa shi ne. A 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ya gano yadda za a bambance mutum da mutum ta DNA, kuma aiki na farko da aka yi da fasahar, a 1985, na nasaba ne: wani yaro ɗan asalin Ghana da hukumar shige da fice ta Birtaniya ta yi shakkar ɗan matar da ta ce ta haife shi ne. Gwajin yau, da ɗan yawun da ake gogowa daga cikin kunci, yana kore mutum kwata-kwata ko ya tabbatar da shi da kashi 99.9 ko fiye. Inda yake tuntuɓe shi ne tagwaye masu kama ɗaya, gwajin da aka saba ba ya bambance su.

Akwai wata ƙididdiga da ke yawo, wai kashi 25 ko 30 na maza suna rainon 'ya'yan da ba nasu ba. Lambar daga ɗakunan gwaji ta fito, kuma masu zuwa ɗakin gwaji yawanci mutane ne da tun farko suke da dalilin zargi. Ɗaukar ta a shafa wa kowa daidai yake da ƙirga marasa lafiyar gari a bakin asibiti. Binciken da aka yi kan jama'a baki ɗaya, kamar na Maarten Larmuseau a Jami'ar Leuven wanda ya haɗa DNA da tarihin zuriya na ƙarnoni, ya samu kashi 1 zuwa 2 ne a al'ummomin Turai da aka duba.

Sannan ba kowane gwaji kotu ke karɓa ba. Wanda mutum ya yi a ɓoye, ya aika gashi ko buroshin yaro ta gidan waya, ba shi da shaidar daga jikin wa aka ɗauko. Jamus ta haramta irin wannan gwajin ɓoye tun 2010. A Faransa, yin gwajin nasaba ba da umarnin alƙali ba laifi ne da ke jawo ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 15,000. Ana iya ganin Faransa ta tsananta, amma hujjarta ba ta banza ba ce: sakamakon zai faɗo ne kan yaron da ba a tambaye shi ba.

Yadda ake zama uba a takarda

A ƙasashen da ke bin dokar zamani, hanyar ko dai iƙirari ce da yardar uwa, ko kuma kotu idan ɗaya ya ƙi. Bambancin yana wurin abin da takardar ke ba mutum bayan ya sa hannu.

A Ingila da Wales, daga 1 ga Disamba 2003, uban da ya je rajistar haihuwa tare da uwar aka rubuta sunansa ya samu ikon iyaye kai tsaye. Idan ba a rubuta ba, sai ya ƙulla yarjejeniya da uwar ko ya nemi umarnin kotu. A Faransa mutum na iya zuwa ofishin magajin gari ya yi iƙirari tun yaron yana ciki, amma idan ya bari aka shekara da haihuwa kafin ya yi, ikon yana zama a hannun uwa ita kaɗai sai an sake nema. A Amurka ana miƙa wa iyaye takardar iƙirari tun a asibiti. Wanda ya sa hannu yana da kwana 60 ya janye. Bayan nan takardar ta zama kamar hukuncin kotu, ba ta warwaruwa sai an nuna yaudara, tilas, ko babban kuskure. Mazan da suka sa hannu cikin murnar haihuwa, daga baya gwaji ya nuna wani abu daban, wasunsu sun ci gaba da biyan kuɗin ciyarwa saboda lokacin ƙalubalanta ya wuce.

Ko sa hannun ma bai isa ba a wasu jihohin. A jihar Jojiya ta Amurka, mutum na iya kasancewa a takardar haihuwa, yana biyan kuɗin ciyarwa kowane wata, amma ba shi da haƙƙin riƙo ko ziyara har sai ya shigar da wata ƙara daban ta halatta yaron gare shi.

Ƙofar da ba ta daɗewa a buɗe

Tarihin haƙƙin irin waɗannan iyaye a kotunan zamani gajere ne. A Amurka ana fara shi daga Peter Stanley, wanda ya yi shekara 18 suna zama suna rabuwa da uwar 'ya'yansa uku. Da ta rasu, jihar Illinois ta ɗauke yaran ba tare da an saurare shi ba, don a dokarta uban da ba shi da aure ba ya cikin waɗanda ake kira iyaye. A 1972 Kotun Ƙoli ta ce ba za a raba mutum da 'ya'yan da ya raina ba sai an ji ta bakinsa an nuna bai cancanta ba.

Shekara 11 bayan haka kotun ta ja layi. Jonathan Lehr ya haifi 'ya da budurwarsa a Niyok, ita kuma ta auri wani bayan wata takwas. Da yarinyar ta haura shekara biyu, mijin ya nemi kotu ta mayar da ita 'yarsa a doka. Ba a sanar da Lehr ba. Shi ya ce uwar ce ta yi ta ɓoye masa yarinyar, har ma ya shigar da tasa ƙarar a wata kotu kafin a yanke hukunci. Bai yi nasara ba. Jihar tana da wani kundi da namijin da ke ganin shi ne uban wani yaro zai rubuta sunansa, kuma kotun ta ce da ya aika ɗan kati ta gidan waya zuwa wannan kundi, da dole a sanar da shi. Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce jini dama yake ba mutum, damar ƙulla alaƙa da ɗansa. Idan ya kama ta, doka ta kare shi. Idan ya sake, shi ke nan.

A ganina ƙa'idar tana da ma'ana, amma tana da rami. Ta dace da mutumin da ya san an haihu ya juya baya. Ba ta dace da wanda aka ɓoye wa ba, kuma kundin da yawancin maza ba su taɓa jin labarinsa ba ya fi amfanar lauyoyi da uban da ke nema.

Turai ta bi tata hanyar. A 1994 kotun Turai ta samu Ireland da laifi saboda an ba da 'yar Joseph Keegan ga masu ɗaukar riƙo ba da saninsa ba. Yanzu a Ireland uba na zama mai kula da yaro a doka kai tsaye idan ya zauna da uwar wata 12 a jere, uku daga ciki bayan haihuwa. A Jamus kuwa, har zuwa 2010 uwa ce ke riƙe da mabuɗi: idan ta ce a'a, uba ba ya samun rabon iko, kuma ba alƙalin da zai duba ko ƙin nata na da dalili. Horst Zaunegger, wanda 'yarsa ta zauna a hannunsa fiye da shekara biyu bayan sun rabu da uwar, shi ya kai ƙara kotun Turai ya yi nasara. Dokar da ta fara aiki a 2013 ta juya nauyin hujja: uba zai nema, a ba shi, sai idan an nuna hakan zai cutar da yaron.

Afirka ta Kudu ta rubuta sharuɗɗanta ƙarara a dokar yara ta 2005. Uba na samun cikakken haƙƙi idan yana zaman dindindin da uwar lokacin haihuwa. Idan ba haka ba, sai ya yarda a san shi a matsayin uba, ya kuma taimaka, ko ya yi ƙoƙarin taimakawa da zuciya ɗaya, wajen raino da kuɗin ɗawainiya. Wannan “ya yi ƙoƙari” shi ne abin da Lehr bai samu ba a dokar da aka yi masa hukunci da ita.

A shari'ar Musulunci da ƙasashen Musulmi

Nan tambaya ta biyu ce ke ɗaukar zafi. Nasaba ga uba tana tabbata ta aure, ingantacce ko mai shubuha, idan an haihu aƙalla wata shida bayan ɗaura shi. Malamai sun ciro wata shidan daga haɗa ayar da ta ce ciki da yaye wata talatin ne da wadda ta ce shayarwa shekara biyu ce. Miji ba ya kore ɗan da aka haifa a shimfiɗarsa sai ta li'ani, wato rantsuwar la'anta tsakanin miji da mata a gaban alƙali, kamar yadda ya zo a Suratun Nur.

Idan babu aure fa? Jumhurun malamai, har da mazhabobi huɗu, sun ce ba a jingina yaron ga wanda ya yi cikin. Ga uwarsa ake jingina shi, ita da danginta yake gada, mutumin kuma ba ya zama waliyyin 'yar da aka haifa. Duk da haka mafi yawansu sun haramta masa aurenta, wanda ya sake nuna ba a yi watsi da jinin baki ɗaya ba. Akwai ra'ayi na biyu, na marasa rinjaye amma tsoho, da aka ruwaito daga Urwa ɗan Zubairu da Hasanul Basari da Ishaƙ ɗan Rahawaihi, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim kuma suka ƙarfafa shi: idan matar ba ta da miji, mutumin kuma ya yi iƙirarin ɗan nasa ne, ana iya jingina masa. Hujjarsu ita ce hadisin shimfiɗa ya yi magana ne kan inda akwai mai shimfiɗa da ake jayayya da shi. Abin da ba a yi saɓani a kai ba shi ne yaron ba shi da laifin komai, kuma mutumin na iya yi masa kyauta yana raye ko wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba.

Da DNA ya zo, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a 2002. Ta yarda a yi amfani da shi inda aka rikice, kamar musanyar jarirai a asibiti ko yaran da suka ɓace a yaƙi da bala'i. Ta hana a kore tabbatacciyar nasaba da shi, ko a gabatar da shi a kan li'ani.

Ƙasashe sun rarrabu. Tunisiya tun 1998 ta ba da damar a tabbatar da uba ta gwaji, yaron ya ɗauki sunansa ya kuma samu ciyarwa. A Maroko wata kotu a Tanja ta yi hukunci a 2017 da ya amince da alaƙar jini tsakanin wani mutum da 'yar da aka haifa ba aure, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi. Na Indunusiya ya fi ba da abin dubawa. A Fabrairun 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce yaron da aka haifa ba a cikin auren da hukuma ta sani ba yana da alaƙar doka da uban da kimiyya ta tabbatar. Ƙarar ma daga auren addini da ba a yi wa rajista ba ta taso, amma hukuncin ya tayar da ƙura. Majalisar malaman ƙasar ta mayar da martani da fatawa a shekarar: babu nasaba, babu gado, babu walicci ga ɗan zina, amma hukuma na da ikon hukunta mutumin ta hanyar tilasta masa biyan bukatun yaron, da ware masa wani kaso na dukiya bayan mutuwarsa ta wasiyyar dole. Ma'ana, malaman sun raba tambaya ta biyu da ta uku. An tsare ƙa'idar nasaba, ba a kuma bar namiji ya kakkaɓe rigarsa ya tafi ya bar mace da ɗawainiya ba. Wannan rabewar, a nawa ganin, ita ce ke ɓacewa a yawancin muhawarar da ake yi, inda ake ɗauka rashin nasaba na nufin rashin nauyi.

Kuɗi daban, ganin yaro daban

Kuskuren da ya fi yawa tsakanin iyayen da suka rabu shi ne ɗaukar abubuwan nan biyu kamar ciniki. Uba ya ce tunda ba a bari na gan shi, ba zan biya ba. Uwa ta ce tunda bai biya ba, ba zai gan shi ba. A yawancin dokokin zamani dukansu sun yi kuskure, domin ciyarwa haƙƙin yaro ne, hulɗa da iyayensa ma haƙƙinsa ne, ba a kashe ɗaya da ɗaya. A Ingila wajibin ciyarwa yana kan uba ko yana da ikon iyaye ko ba shi da shi. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ɗora wa uwa da uba nauyi daidai wa daida, da aure ko babu. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ta ce ba za a hana yaro ciyarwa ba saboda matsayin auren iyayensa.

Daga nan ƙorafin ƙungiyoyin iyaye maza ya samo tushe. Suna cewa idan batun karɓar kuɗi ne hukuma ba ta ɓata lokaci wajen gano uba, idan kuma batun ganin ɗansa ne sai a ce ya ɗauki lauya. Akwai gaskiya a ciki. Masu kare iyaye mata kuma suna cewa “uban da ba shi da aure” ba mutum ɗaya ba ne. A ciki akwai wanda ya yi shekara goma yana kai yaro makaranta, akwai wanda ya ɓace tun jin labarin ciki, akwai mai duka, akwai wanda fyaɗe ya yi. Ba wa dukansu iko kai tsaye na nufin macen da ke rainon yaro ita kaɗai sai ta nemi sa hannun mutumin da ta gudu daga gare shi kafin ta yi wa ɗanta fasfo. Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ta sa dokar Afirka ta Kudu ta cire wanda ya yi ciki ta fyaɗe daga ma'anar iyaye, Amurka kuma ta yi doka a 2015 da ke ƙarfafa jihohi su ba kotu ikon yanke haƙƙin irinsa. Akwai kuma masu ganin daidaita mai aure da marar aure na rage wa aure daraja. Amsar da kotuna suka fi bayarwa ita ce, duk hukuncin da za a yi don kare aure kada ya sauka a kan yaron.

Ma'aunin da kotunan zamani ke aiki da shi, wanda Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta rubuta, shi ne maslahar yaro. A aikace alƙali na duba abubuwa na zahiri: wa yaron ya saba da shi, wa ke kai shi asibiti, akwai shaidar kuɗin da aka tura, akwai saƙonnin neman ziyara da aka ƙi amsawa. Uban da ya riƙa ba da kuɗi hannu da hannu ba rasit, ya kuma jira shekara uku kafin ya je kotu don kada a yi faɗa, yakan tarar lokacin da ya yi shiru ya zama hujja a kansa.

Inda abin ke sauka a kan yaro

Gado ne ake fara tunawa, kuma nan an samu sauyi sosai. Ingila ta share mafi yawan bambancin da dokar 1987. Japan sai 2013 kotun ƙolinta ta soke dokar da ke ba ɗan da aka haifa ba aure rabin kason ɗan aure.

Amma zama ɗan ƙasa da takardar haihuwa sun fi gado gaggawa, don su ne mabuɗin makaranta da asibiti da tafiya. Kafin 1 ga Yuli 2006, ɗan Birtaniyar da bai auri uwar ɗansa ba ba ya iya gadar wa yaron zama ɗan ƙasa kai tsaye. A Japan, dokar da ke cewa duk jaririn da aka haifa cikin kwana 300 bayan saki na tsohon miji ne ta sa mata da dama, musamman waɗanda suka gudu daga duka, ƙin yi wa 'ya'yansu rajista, yaran suka tashi ba sunansu a kundin iyali na hukuma. An sassauta dokar daga Afrilun 2024, amma ga wadda ta sake aure kafin ta haihu ne sassaucin ya fi aiki.

A Afirka ta Kudu, wani soja ya haifi 'ya da wata 'yar Kongo. Sun yi auren gargajiya a can wanda ba a yi wa rajista ba, bizarta kuma ta ƙare. Hukuma ta ƙi yi wa yarinyar rajista, don uwar ba ta da takardu, uban kuma a idon doka ba mai aure ba ne, ba zai iya sa sunansa shi kaɗai ba. Irin wannan tanadi yana barin yaran da uwarsu ta rasu, ko ta ɓace, ko ba ta da takardun zama, a hannun uba ba tare da wata shaida ba. A Satumban 2021 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke wannan sashe na dokar rajistar haihuwa, ta ba uban da ba shi da aure damar yi wa ɗansa rajista da sunansa ko da uwar ba ta nan.